Ƙunshin Shayi A Kan Kabad

"Lanlan, kin manta ruwan zafinki."

Ruolan ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ta lumshe ido. Watan Afrilu ne a Alƙahira, ko ƙarfe bakwai ba ta yi ba amma bango ya fara ɗumi, ga uwarta Guihua tana miƙo mata filas kamar suna tsakiyar hunturun garinsu Linxia na ƙasar Sin.

"Ma, ana zafi fa. 'Yan ajinmu dariya suke yi mini."

"Su yi ta yi. Masu shan ƙanƙara, bari su kai shekara arba'in ki ga gwiwoyinsu. Riƙe nan in kulle."

Mukullin gidan guda ɗaya ne, kuma a wuyan Guihua yake kwana, rataye da jan zare. Yawancin iyaye filin jirgi suke raka 'ya'yansu, su yi kukansu su koma gida. Ita Guihua jirgin ta shiga. A wurinmu akwai irin waɗannan mata masu bin 'ya'ya makaranta su tare kusa suna dafa musu abinci, sai dai galibi yara ƙanana ake bi. Ruolan kuwa shekararta ashirin da ɗaya. Ita kaɗai iyayenta suka haifa, don haka aka bar mahaifinta Baoshan a gida da shagon taliyarsa, su biyu suka kama ɗaki da falo a hawa na huɗu a unguwar Abbasiyya, mai taga ɗaya da aka yi wa ƙarfe.

Wata takwas ke nan, kuma duk girman Alƙahira, abin da Ruolan ta sani a cikinta tafiyar minti goma sha biyu ce: kantin magani, masallaci mai koriyar ƙofa, sai ƙofar jami'a. A nan Guihua take buɗe 'yar kujerarta ta naɗewa a gindin bishiya, ta zauna har ƙarfe biyu. Masu gadi sun saba da ita har suna ɗaga mata hannu, ita kuma ba ta taɓa amsawa ba, don Larabcinta bai wuce wanda take salla da shi ba.

Abin takaicin, Larabci Ruolan ta zo karantawa. A rubutu babu mai kama ƙafarta a aji, amma da an ce ta buɗe baki sai harshe ya ƙi. Jarrabawar baki ta zangon farko faɗuwa ta yi warwas. Malamarsu, Ustaza Nirmin, ta kira ta gefe ta ce, "Takardarki tana magana, ke ba kya yi. Ki shiga kasuwa, ki yi ciniki, ki yi faɗa da direban bas. A ɗaki ba a koyon harshe."

Da ta kawo wannan shawara gida, Guihua ajiye wuƙar da take yanka albasa ta yi. "Daga Linxia muka taso don a tura ki faɗa da direba? Zauna ki ci abinci."

Haka ta zauna. Kullum da yamma tana jin 'yan matan unguwa suna wucewa ƙarƙashin taga suna shewa, ita tana riƙe da ƙarfen tagar da littafi a buɗe. Ba ta ƙin uwarta, ko kaɗan. Ta san matar nan ta bar mijinta da ƙawayenta saboda ita. Wannan sanin ne ma ya fi ɗaure ta, domin da wane baki za ka yi wa wanda ya bar komai dominka ƙorafi?

A cikin jami'a kaɗai take numfashi, kuma a nan ta haɗu da Jinhai. Ɗan garin Wuzhong ne a can Sin, Musulmi ɗan uwanmu, shekararsa shida a Masar, yana digiri na biyu, yana kuma yi wa 'yan kasuwar Sin tafinta. Ranar farko a wajen sayar da abinci ya gan ta, tana ta matsawa gefe mutane suna wuce ta, har mutum bakwai.

"Ƙanwata, layin kike gadi ko yunwa kike ji?" ya tambaye ta da Sinanci.

Ta sunkuyar da kai. "Ka saya mini, don Allah."

"A'a. Zan tsaya a bayanki, ke za ki faɗa. In mai abincin ya cije ki, ni zan kai ki asibiti."

Ta faɗa, aka ba ta abin da ba shi ta nema ba, ta cinye duk da haka. Daga ranar, minti ashirin da ke tsakanin lacca da lacca ya zama nasu. Yau ya zama mai tumatir ya tsuga mata tsada, gobe ya zama direban da ya wuce da ita tasha, ita kuma dole ta yi masa masifa da Larabcin titi. Tun tana dariya tana rufe baki har ta daina rufewa. Kafin wata uku, in ya makara minti biyu sai ta ji ranta ya ɓaci, ta kuma san dalili.

Jinhai bai bi ta bayan gida ba. Ya je ya sami Kawu Ding, dattijon da ke da gidan taliya a can wani gefen gari, wanda duk mutanenmu na Alƙahira suke ɗauka uba. Wata Juma'a Kawu Ding ya hau bene hawa huɗu yana haki, ya ajiye wa Guihua ƙunshi a jar takarda: ganyen shayi, dunƙulen sukari, jar magarya, zabibi da riɗi. Kowa ya san ma'anarsa. In gidan yarinya suka buɗe suka sha, an ba da ita. In suka mayar wa ɗan aike, magana ta mutu, kuma ba a sake aikowa.

Guihua ba ta iya cewa a'a a idon dattijo ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta raka shi, ta dawo ta hau kujera ta ɗora ƙunshin a kan kabad. Sati uku yana nan. Ruolan in ta tashi shi take fara gani, in tana cin abinci yana bisa kanta.

Ran Litinin bayan la'asar Baoshan ya kira ta bidiyo. Nan da nan Guihua ta gyara ɗankwali ta washe baki.

"Lafiya lau muke. Lanlan ce ta ɗaya a aji. Garin ma akwai daɗi, iska mai kyau. Kai fa?"

"Ni ma lau. Ciniki sai godiya, ina ci ina ƙoshi."

Dukansu ƙarya suke yi, kuma dukansu sun sani. Ɗabi'armu ce, na nesa ba a ba shi sai labari mai daɗi. Ruolan ta ga wuyan rigar babanta ya yi masa yawa. Zancen shayi kuwa ko da wasa ba a ɗauko ba.

Ana kashe waya murmushin Guihua ya tafi. "Ran Alhamis, in kin fito jarrabawa, za ki kai ni wajen Ding. Zan mayar da shayin nan."

Cokali ya faɗi daga hannun Ruolan. "Ma, me Jinhai ya yi miki? Ko ganinsa ba ki taɓa yi ba."

"Ba sai na gan shi ba. Ding da bakinsa ya ce yaron a nan zai zauna, a nan aikinsa yake. Ke ɗaya gare ni, Lanlan. Na haife ki ne don in riƙa ganinki a cikin waya? In na kwanta ciwo wa zai miƙo mini ruwa? Ki gama karatun nan mu koma, akwai samari a Linxia."

"Wane karatu zan gama? Kin rufe ni a ɗaki kamar kaza. Ɗan abin da na iya faɗa da bakina, shi ya koya mini."

"Au, ni ce na rufe ki?" in ji Guihua. "Ni da nake zama a rana tun safe kamar mai bara, ba mai ce mini sannu da harshen da nake ji? Ni wa ya buɗe ni?"

Suka sa kuka su biyu, kowa a kusurwarta, ɗakin ma bai da girman da za a yi fushi a tsere wa juna. Can Ruolan ta share ido, ta zo ta durƙusa gaban uwarta.

"Ma, kin ce in sha ruwan zafi, na sha. Kin ce kada in fita, ban fita ba. In kin mayar da shayin nan ba zan yi miki rashin kunya ba, zan bi ki gida. Amma ƙafata ba za ta kai ki ba. Wannan ɗaya ki yafe mini."

"Shi ke nan. Ina da ƙafa."

Washegari a jami'a Ruolan ta zayyana wa Jinhai komai, idanu a kumbure. "Yaya Jinhai, mu je wajen liman kawai a ɗaura mana aure. Wasu sun yi. In ta ga an riga an yi, za ta haƙura."

Shi ma ya rame, ba sai an faɗa ba. "Da haka nake so da ban aika shayi ba. In na ɗauke ki a ɓoye, na tabbatar mata da duk abin da take tsoro. Kuma ke na san ki, ba za ki yi wata guda kina dariya ba."

"To in ta mayar fa?"

"In ta mayar, ta mayar. Zan ji ciwo, ba zan ɓoye miki ba." Ya ja numfashi, ya ƙaƙalo murmushi. "Yanzu dai tashi, ni ne mai tumatir, kilo ɗaya fam hamsin."

"Ba na so."

"Da Larabci za ki ce ba kya so."

Ran Alhamis Guihua ta raka 'yarta ƙofar jami'a, ta ga shigarta, amma ba ta buɗe kujera ba. Ƙunshin yana cikin jakarta. Kawu Ding ya bar mata katin gidan taliyarsa, gefe ɗaya Sinanci, gefe ɗaya Larabci. Da yake mace ce mai tattali, sai ta adana katin a gida kada ya ɓata, ta kwafe adireshin a takarda da kyakkyawan rubutunta. Gefen da take iya karantawa ta kwafa.

Ta tsayar da ƙaramar bas ta nuna wa direba. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya gyaɗa kai irin na mai sauri, ya nuna mata kujera. Aka yi ta tafiya, aka hau gada aka sauka, mutane suna raguwa har ya rage ita kaɗai, direba ya kashe mota ya tafi shan shayi. Ta sauka. Babu kantin magani, babu masallaci mai koriyar ƙofa. Ta nuna wa wata mata takardar, matar ta kira wata, wannan ta kira mijinta, kafin ka ce me mutum goma sun kewaye ta, kowa yana magana da ƙarfi, kowa yana son taimako, ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Ta taɓa zama shugabar matan layinsu a Linxia, mace mai baki, yau ga ta tsaye ana mata magana da hannu kamar yarinya.

Ta sulale ta yi ta tafiya a rana har azahar ta gota. Ruwan filas ya ƙare, ƙafafu suka kumbura. A ƙarshe ta zube a kan dakali kusa da wani mai matse ruwan rake. Ta kira Ruolan, waya a kashe, ana jarrabawa. Ta kalli lambar Baoshan, ta wuce. Lambar Kawu Ding tana kan katin da ta adana. Sai ta tuna a ƙasan jar takardar dattijon ya rubuta sunan yaron da lambarsa. Ta daɗe tana kallon ƙunshin kafin ta danna.

"Wa ke magana?"

"Mahaifiyar Ruolan ce. Ban san inda nake ba."

"Ayi, kada ki motsa daga nan," in ji shi, ya kira ta da sunan da ake kiran sa'ar uwa. "Miƙa wa duk wanda ke kusa da ke wayar."

Mai ruwan rake ya karɓa, ya yi ta surutu yana nuna titi da hannu kamar ana ganinsa. Bayan minti arba'in tasi ta tsaya, wani dogon saurayi ya fito da gudu, gumi ya jiƙe masa riga. Ya gaishe ta, ya shiga wani shago ya fito da kofin ruwa yana tururi. Sai da ta sha ta ɗago, ta ga idonsa a kan jar takardar da ke cinyarta. Fuskarsa ta canza, ya yi saurin gyarawa.

"Wajen Kawu Ding za ki, Ayi?"

"E."

"Kin wuce shi da nisa. Mu je in kai ki."

A cikin tasi ya zauna gaba, ita a baya. Ta jira ya fara roƙo, ta ma shirya amsa. Bai ce komai ba sai kwatance da yake wa direba. Shirun ya ishe ta.

"Kai, ka san abin da zan je yi?"

"Na sani."

"Kuma kake kai ni? Ba za ka roƙe ni ba?"

"Na riga na roƙa, Ayi. Shi ne a cinyarki."

Ta kau da kai tana kallon titi. Can ta ce, "Da ka zo garin nan, kai ma ka taɓa ɓata?"

"Ni ai ko fita ban yi ba. Wata uku ina ɗaki ina cin taliyar leda, ina gaya wa mahaifiyata na yi abokai. Sai da Kawu Ding ya kore ni kasuwa da tsintsiya."

"Lanlan fa?" Muryarta ta yi ƙasa. "Abin da na ji yau, a kewaye ka ana magana kai kana tsaye kamar gunki, haka take ji a aji?"

"Da farko kullum. Yanzu da sauƙi. Tana da kai, Ayi, hanya kawai take nema."

Tasi ta tsaya a ƙofar gidan taliya. Jinhai ya buɗe mata ƙofa ya koma gefe. "Zan jira a nan in mai da ke gida."

Guihua ta tsaya a bakin ƙofar da ƙunshi a ƙirji. Ƙamshin romon naman sa ya bugo ta, irin na shagon Baoshan sak, har sai da idonta ya kawo ruwa. Kawu Ding ya fito yana goge hannu, ya ga jar takarda, ya ga yaron a rana, jikinsa ya yi sanyi.

"'Yar'uwa, kin zo da saƙo ne?"

Ta dubi ƙunshin, ta waiwaya ta dubi Jinhai. Ya kafe idonsa a ƙasa, hannayensa a baya. Ta buɗe jakarta ta mayar da shi ciki, ta ja zif.

"Wane saƙo? Taliya na zo ci. Kwano biyu, ka cika wa wancan nama, dubi wuyansa."

A can jami'a kuwa Ruolan ta fito ƙarfe biyu ta tarar da gindin bishiya wayam. Ta kunna waya ta kira, wayar uwar ta mutu. Hankalinta ya tashi. Ba ta san lokacin da ta tare masu gadi ba, ta tare mai jarida, ta tsayar da direban bas tana tambayarsa da ƙarfi, da ya amsa mata a wulaƙance ta wanke shi tas da Larabcin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Tana cikin haka tasi ta tsaya. Guihua ta leƙo tana kallon 'yarta da baki buɗe.

"Me take ce masa?"

"Ayi, gara kada in fassara," in ji Jinhai.

Da suka isa gida Guihua ta ce ya hawo. Ta ɗora ruwa, ta jera kofuna uku masu murfi, ta warware jar takardar a hankali ba tare da ta yaga ba. Ruolan ta toshe baki da gyale tana kuka. Uwar ta zuba ganye da magarya da sukari, ta miƙa wa kowa, ta kurɓi nata. Sannan ta cire jan zaren nan daga wuyanta ta ajiye mukullin kusa da kofin 'yarta.

"Gobe ki je ki sayo tumatir. Ke kaɗai. Kai kuma, duk babbar salla a Linxia za ku yi ta, ban da gardama."

Ta ari wayar Ruolan ta kira Baoshan. Ya fara da lafiya lau ɗinsa, ta katse shi. "Tsoho, bar ƙaryar nan. Ni ba na jin daɗin garin nan, kewar gida ta kusa kashe ni, Lanlan ta taɓa faɗuwa jarrabawa, yau na ɓata, kuma na sha shayin wani yaro ban tambaye ka ba."

Baoshan ya share ido da bayan hannu. "Nuna mini shi." Ya ƙare wa Jinhai kallo, ya gyaɗa kai. "Na amince. Ni kuma wata biyu ke nan ciwon baya ya hana ni jan taliya da hannu a shago. Ki dawo gida, Guihua."

Ku 'yan mata da samari, ku duba nan. Da Ruolan ta gudu wajen liman, da ta sami miji ta rasa uwa. Da Jinhai ya karkatar da tasi ko ya tsaya magiya, da ƙunshin ya koma inda ya fito. Haƙurinsu da ladabinsu ne suka buɗe shi. Iyaye kuma su sani, so yana iya zama kurkuku, kuma mai tsaron ƙofar ma a ciki yake kwana.

Ruolan ta ci jarrabawar da ƙyar, amma ta ci. A watan Yuni suka raka Guihua filin jirgi. Ba ta yi dogon jawabi ba, filas ɗin kawai ta cusa wa 'yarta a hannu ta juya da sauri. Yanzu Ruolan ta san Alƙahira lungu-lungu, tana ciniki har masu tumatir suna gudunta. Amma ko a tsakiyar watan Agusta ka same ta, ruwan zafi take sha, kuma babu wanda ya sa ta.